Me Ya Sa Lufus Ta Fi Kama Mata? Tambayoyi da Amsoshi Kan Homon, Gado da Garkuwar Jiki

Ƙanwata ta shafe shekara biyu ana yi mata maganin maleriya da taifod kafin a gano abin da ke cin ta. Mai kitsonta a Unguwar Rogo ce ta fara tsayawa a kan maganar. Ta ga gashi na bin mataji damƙa-damƙa, ga wasu tabo masu duhu a fatar kai da cikin kunne, sai ta ajiye matajin ta ce, "Anti, wannan ba amosani ba ne, ki je a duba jininki." Daga baya a katin asibiti aka rubuta lupus, wani wurin kuma SLE. Mu a gida lufus muke cewa.

Ni ba likita ba ce, malamar kimiyyar halittu ce a sakandare nan Jos. Tun daga lokacin na duƙufa karanta abin da masu bincike suka gano. Tambayoyin nan su ne waɗanda dangi, mazajen marasa lafiya, da matan da muke zama benci ɗaya a layin ganin likita suka fi yi mini.

Wai mece ce lufus ɗin ma?

Garkuwar jiki ce ta daina bambance ɗan gida da baƙo. Fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne kashe ƙwayoyin cuta sai su ƙera makamai a kan naman jikin mai su, har da abin da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi mai tafiya ya dawo, gajiyar da barci ba ya sauke ta, gyambon baki, zubewar gashi, ƙuraje a kumatu da karan hanci, ƙarancin jini. Mafi muni shi ne taɓa ƙoda, wanda ke samun kusan rabin masu ita. Tana lafawa tana tashi. Ba a ɗaukar ta ta kwano ɗaya, ba a ɗaukar ta ta shimfiɗar aure.

Da gaske ciwon mata ne?

Cikin masu lufus 10, kusan 9 mata ne, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato daga fara al'ada zuwa ɗaukewarta. A yaran da ba su balaga ba ratar ba ta kai haka ba, wajen mata 3 ko 4 ne ga namiji 1. Bayan al'ada ta ɗauke ma ratar na sake raguwa. Ruwa ba ya tsami banza, shi ya sa tun da daɗewa likitoci suka zargi homon.

An gwada zargin a kan ɓera. Akwai wani irin ɓeran bincike da ke kamuwa da lufus da kansa, matan kan mutu da ciwon ƙoda tun ba su cika shekara ba, mazan su daɗe. A 1978 Norman Talal da abokan aikinsa a San Faransisko ta Amurka suka nuna cewa idan aka dandaƙe mazan tun suna ƙanana, sai su mutu da wuri kamar matan. Idan kuma aka ba matan homon na maza, sai kwanansu ya ƙaru.

Shi homon ɗin yaya yake isa ga garkuwar jiki? Na ɗauka aikinsa haila da ciki ne kawai.

Homon saƙo ne da jini ke ɗauka daga wata gaɓa zuwa wata. Istirojin da furojestaron daga ma'ajiyar ƙwan mace suka fi fitowa, testostaron daga 'ya'yan maraina, furolaktin mai kawo ruwan nono kuma daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Mace na da testostaron kaɗan, namiji ma na da istirojin kaɗan.

Fararen ƙwayoyin jini suna da wurin karɓar waɗannan saƙonni. Istirojin kan ratsa fatar ƙwayar ya manne da makarɓinsa, su biyun su wuce cibiya su zauna kai tsaye a kan DNA, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwaya, su kira ma'aikatan da ke buɗe wasu wurare su rufe wasu. A dunƙule, istirojin na ƙara wa ƙwayoyin B, wato maƙeran garkuwar jiki, kuzarin ƙera makamai, testostaron na kwantar da su. Wannan ba aibu ba ne. Shi ya sa jikin mace kan fi na namiji amsa allurar rigakafi, kuma da makaman uwa jariri ke rayuwa a watanninsa na farko. Wuƙa ce mai kaifi, wataran takan yanki mai ita.

To mene ne wannan efijenetik da kike yawan faɗa?

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san babbaƙu da farfaru. Rubuta kaf da ra da ajami ka bar su haka. Wasalin da ka ɗora shi zai nuna ko kara kake nufi, ko kura, ko kira. Baƙin bai canza ba, karatun ne ya canza. DNA ɗin da ka gada daga iyaye shi ne babbaƙu, ƙwayoyin gado wajen 20,000, kuma iri ɗaya ne a ƙwayar idonka da ta hantarka da farar ƙwayar jininka. Abin da ya sa ido bai zama hanta ba shi ne alamomin da aka ɗora a kan rubutun, masu cewa a karanta nan, a tsallake can. Ilimin waɗannan alamomi shi ne efijenetik.

Alamomin iri uku ne da suka shafi maganarmu. Na farko wani ɗan mitsitsin sinadari ne, metil, da ake maƙalawa a bakin ƙwayar gado. Ni kwaɗo nake kiran sa, don inda aka rataya shi, shagon a rufe yake. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, dole a sake rataya kwaɗunan a sabon kwafin, kuma akwai mai gadin da aikinsa ke nan, sunansa DNMT1. Ku riƙe sunan nan, zai dawo.

Na biyu, DNA na ƙwaya guda ya kai tsawon mita 2, don haka a naɗe yake a kan wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a ƙwarƙwaron keken ɗinki. Inda naɗin ya matse ba a iya karantawa, inda ya sassauta ana iyawa. Na uku wasu gajerun zaruruwa ne, maikuro-RNA, da ke tare saƙon ƙwayar gado a hanya kafin ya zama aiki.

Abin da ya ba wannan fanni muhimmanci shi ne babbaƙu ba sa gogewa, amma farfaru na canzawa. Rana, hayaƙin taba, ƙwayar cuta, wasu magunguna, shekaru, da homon duk suna taɓa su.

Ta yaya aka san cewa a lufus kwaɗunan sun kwance?

Magani ne ya tona asirin. Tun tuni an lura cewa wasu da suka daɗe suna shan haidiralazin na hawan jini, ko furokainamaid na bugun zuciya, sukan kamu da ciwo mai kama da lufus, wanda ke watsewa cikin makonni ko watanni bayan an daina maganin. Bruce Richardson na Jami'ar Mishigan ya bi sawu. A ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa magungunan biyu na hana rataya metil a ƙwayoyin T, wato kwamandojin garkuwar jiki. Ƙwayar T da aka kwance wa kwaɗo sai ta fara kai hari ba tare da ta ga abokin gaba ba. Da aka zuba irin waɗannan ƙwayoyi a jikin lafiyayyen ɓera, sai ya kamu da ciwo irin lufus. Da aka duba jinin masu lufus ta ainihi, sai ga ƙarancin metil ɗin a ƙwayoyinsu na T, kuma ya fi yawa lokacin da ciwon ya tashi.

Sai tagwaye. Hassana da Usaina masu kama ɗaya babbaƙunsu ɗaya ne. Da gado kaɗai ne, in ɗaya ta kamu dole ɗayar ta kamu. Amma wani bincike na 1992 a Amurka ya samu cewa kashi 24 cikin 100 ne kawai na irin waɗannan tagwaye suka kamu su biyun, a tagwayen da ba su yi kama ba kuma kashi 2. A 2010 masu bincike a Basalona ta Sifaniya suka kwatanta tagwaye masu kama ɗaya da ɗaya ke da lufus ɗaya ba ta da, suka tarar da bambancin metil a ƙwayoyin gado 49, yawancinsu na aikin garkuwa ne.

Shagunan da aka fi samu a buɗe su ne masu amsa kiran intaferon. Shi intaferon ƙararrawa ce da jiki ke bugawa idan bairos ya shigo. A mai lufus ƙofofin a buɗe suke ko da ciwon na kwance, shi ya sa ɗan abu kaɗan ke tayar da yaƙi.

Kafin wata ta tsorata: haidiralazin da ake yi wa mai ciki allurarsa idan jininta ya hau sosai ba shi ake nufi ba. Wancan na ceton rai ne, na ɗan lokaci. Wanda ke kawo matsalar sha ne na watanni ko shekaru.

Ina istirojin ya haɗu da waɗannan kwaɗuna?

A wurare da dama, kuma ba hanya ɗaya yake bi ba.

A 2014 masu bincike a ƙasar Sin suka ɗebi ƙwayoyin T na mata masu lufus suka zuba musu istirojin. Sai mai gadin nan DNMT1 ya ragu, metil ya ƙara zubewa. Sun kuma ga makarɓin istirojin ya fi yawa a ƙwayoyin marasa lafiyar. Wato saƙon da lafiyayyar ƙwaya za ta ji a hankali, ita wannan da amsa-kuwwa take jin sa.

Wani wurin kuma akasin haka yake yi, kuma wannan ya fi ba ni mamaki. A bayan ƙashin ƙirji akwai wata gaɓa, taimos, makarantar da ƙwayoyin T ke koyon sanin 'yan gida. Malamin ajin wata ƙwayar gado ce, AIRE, mai nuna wa ɗalibai samfurin sassan jiki, duk ɗalibin da ya zabura zai kai hari a kashe shi tun a nan. A 2016 wata tawaga a Faris ta nuna cewa bayan balaga aikin AIRE ya fi rauni a mata, kuma istirojin ne ke ƙara rataya metil a bakinta. A shekarar ne wata tawagar ta nuna homon na maza na ƙarfafa ta. Ke nan a can ya kwance kwaɗon da ya kamata ya zauna, a nan ya kulle shagon da ya kamata ya buɗe.

Maikuro-RNA ma na ciki. Biyu daga cikinsu, mai lamba 21 da mai lamba 148a, sun yi yawa a ƙwayoyin T na masu lufus, kuma dukansu DNMT1 suke danne wa. Mai lamba 146a, wanda birki ne ga intaferon, ya yi ƙasa a marasa lafiya, a ɓera kuma an ga istirojin na rage shi. A ɓangaren ƙwayoyin B, binciken Betty Diamond a Niyok ya nuna cewa istirojin da furolaktin kan tserar da ƙwayoyin da ya kamata jiki ya kashe saboda suna ƙera makami a kan DNA.

Mafi yawan wannan aiki a ɓera aka yi shi ko a ƙwayoyin da ke cikin kwalbar gwaji, don haka ni ba na yarda a ce istirojin ne ke haddasa lufus. Kowace mace na da shi, amma 'yan ƙalilan ne ke kamuwa. Iska ce ta tarar da kaba na rawa.

In homon ne, me ya kai ta ga yarinyar da ba ta balaga ba?

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Kuromozom ƙunshin DNA ne. Mace na da kuromozom X biyu, namiji X ɗaya da Y ɗaya, kuma X cike yake da ƙwayoyin gadon garkuwa. Don kada mace ta samu ninki biyu na komai, tun tana gudan jini kowace ƙwaya ke zaɓar X ɗaya ta naɗe shi ta kulle. Mary Lyon ta Ingila ce ta gano haka a 1961. Shi ya sa kyanwa mai launi uku, baƙi da ja da fari, kusan kullum mace ce: a wani facin fata X na uba ke aiki, a wani na uwa. Wannan kulle shi kansa efijenetik ne, mafi girma ma a jikin ɗan Adam.

Sai dai kullen ba ya cika. Aƙalla kashi 15 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da ke X ɗin da aka rufe suna leƙowa. Ɗaya daga cikinsu TLR7 ce, mai sansano zaren bairos ta buga ƙararrawar intaferon. A 2018 masu bincike a Tulus ta Faransa suka nuna cewa a wani kaso na fararen ƙwayoyin mata kwafi biyun duka na aiki. A 2022 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar Sifaniya da ta kamu da lufus mai tsanani tana shekara 7 saboda sauyin harafi ɗaya da ya sa TLR7 ɗinta ta cika zafi, da aka sa wa ɓera irin sauyin shi ma ya kamu. Wata ƙwayar gadon a X, CD40L, wadda ƙwayar T ke zuga ƙwayar B da ita, an samu a 2007 cewa kwaɗonta ya kwance a mata masu lufus, har suna yin ta fiye da kima, abin da ba a gani ba a maza masu ciwon.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta mazan da aka haifa da X biyu da Y ɗaya. Maza ne, amma haɗarin lufus a gare su ya ninka na sauran maza kusan sau 14, ya yi kusa da na mata. Sannan a 2024 tawagar Howard Chang a Jami'ar Sitanfod ta nuna cewa XIST, zaren da ke naɗe X ɗin, yana tara furotin masu yawa a jikinsa, kuma garkuwar masu irin waɗannan cututtuka na ƙera makamai a kansu. Abu biyu ne ke nan suka haɗu a jikin mace: X na biyu tun daga haihuwa, istirojin kuma daga balaga.

To in je a auna mini istirojin?

A'a, kuɗinki za ki zubar. Yawancin masu lufus istirojin ɗinsu daidai yake da na kowa, yadda ƙwayoyinsu ke amsa shi ne ya bambanta. Abin da aka fi gani shi ne ƙarancin homon na maza, da hawan furolaktin a wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar. Gwajin da ke da amfani shi ne na garkuwa a jini da ake kira ANA, anti-dsDNA, C3 da C4, sai ƙirgen ƙwayoyin jini, aikin ƙoda, da fitsari. Na fitsarin shi ne mafi araha, kuma shi ke fara nuna ƙoda ta taɓu tun ƙafa ba ta kumbura ba. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo akwai likitocin wannan fanni, rumatoloji. Ki nemi a rubuta miki takardar zuwa wurinsu.

Hajiya ta ce maganin tazarar haihuwa ne ya jawo wa matata. Haka ne?

Malam, wannan magana ta raba gidaje, don haka a bi ta a hankali. Wani babban bincike a kan ma'aikatan jinya fiye da 200,000 a Amurka, da aka wallafa a 2007, ya samu ƙarin haɗari kaɗan ga waɗanda suka taɓa shan ƙwayar mai istirojin, da kuma waɗanda suka fara al'ada suna shekara 10 ko ƙasa. Amma ciwon ba shi da yawa tun asali, miliyoyin mata na sha ba su kamu ba, kuma da yawan masu lufus ba su taɓa shan komai ba. Ƙanwata budurwa ce lokacin da ya fara. Ba wanda zai iya nuna mace ɗaya ya ce ƙwayar ce ta jawo mata.

Ga wadda ta riga ta kamu, tazarar ma wajibi ce, don cikin da ya shiga ciwo na tashe ya fi kowace ƙwaya haɗari. A 2005 aka wallafa gwaji biyu, ɗaya a Amurka da mata 183, ɗaya a Meziko da mata 162. Duka sun nuna ƙwayar mai istirojin ba ta ƙara tashin ciwon ba ga waɗanda nasu ke kwance ko mara tsanani. Amma akwai waɗanda sam ba a ba su: wadda ciwonta ke tashe, wadda ƙodarta ta taɓu, da wadda jininta ke ɗauke da makaman antifosfolifid masu sa jini daskarewa, waɗanda ake samu a kashi 30 zuwa 40 na masu lufus. Istirojin a kan wannan na iya kawo gudan jini a ƙafa, huhu ko ƙwaƙwalwa. Su robar mahaifa ko ashanar hannu ta fi dacewa da su. Allurar wata uku kuma na rage ƙarfin ƙashi, ga furedinisolon, maganin siteroyid da ake ba masu lufus, na yin haka shi ma, don haka ba a so a haɗa su na dogon lokaci. Kada a sayi ko ɗaya a kemis ba tare da likitan ya ga sakamakon jininta ba. A gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa likita ne ya tsara.

Zan iya haihuwa?

Ƙwarai. Ƙanwata na da biyu. Sharaɗin shi ne shiri: ciwon ya kwanta aƙalla wata 6 kafin ciki ya shiga. Akwai magungunan da ke lalata halittar jariri, maikofenolet, metotirekzet da saikulofosfamaid, dole a sauya su tun kafin a ɗauki cikin. Haidiroksikulorokwin kuwa, babban maganin lufus na yau da kullum, ci gaba ake da shi har haihuwa da shayarwa, dainawar ce ke tayar da ciwon. Akan ƙara asfirin ɗan ƙarami don kare jijjiga da hawan jinin ciki, mai antifosfolifid da ta sha ɓari kuma a haɗa mata da allurar hefarin mai hana jini daskarewa. Idan jinin uwa na ɗauke da makamin garkuwa da ake kira anti-Ro, wajen jariri 2 cikin 100 kan samu matsalar bugun zuciya, shi ya sa ake sa ido daga mako na 16 zuwa na 26.

Lokacin jego a kula. Homon na faɗuwa warwas bayan haihuwa, furolaktin na sama, barci babu, ciwon na iya tashi a watannin nan. Kunun kanwa mai yawa ba abokin mai ciwon ƙoda ko hawan jini ba ne, komai nacin kaka.

Maza fa?

Suna kamuwa, ɗaya cikin goma. Ba ya nufin mazantakarsu ta ragu. Nasu ma yakan fi taɓa ƙoda, kuma yakan daɗe ba a gano ba don ba wanda ya kawo shi a rai.

'Yata za ta gada?

Ana gadon sauƙin kamuwa, ba ciwon kansa ba. Ƙwayoyin gado fiye da 100 ne ke da hannu, kowace da ɗan kasonta. Cikin 'ya'yan masu lufus, wajen kashi 5 cikin 100 ne ke kamuwa. Kwaɗunan da suka kwance a fararen ƙwayoyin jininki kuwa ba su ake miƙa wa jariri ba, kuma kusan duk alamomin ƙwai da maniyyi gogewa ake a sake sabon rubutu a farkon ciki. Ba sai an yi ta jan jinin lafiyayyar yarinya ba. In ta balaga kika ga ciwon gaɓoɓi, ƙurajen rana ko fitsari mai kumfa, ki faɗa wa likita akwai lufus a gida.

Garinmu da sanyi, me ya sa ake ce mini in guji rana?

Sanyin Jos yaudara ne. Muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma hasken rana mai ƙuna, wanda ido ba ya gani, na ƙaruwa da wajen kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000. Iska na kaɗawa, ba kya jin zafi, amma fata na sha. Hasken na kashe ƙwayoyin fata su zubar da abin da ke cibiyarsu, daidai abin da garkuwar mai lufus ke farauta. A gwajin kwalba an ga yana rage DNMT1 a ƙwayoyin T na marasa lafiya. Ƙanwata ta taɓa yin rabin yini a kasuwar Farin Gada tana cinikin kabeji da karas na biki, cikin hazon Janairu, ko gumi ba ta yi ba. Bayan kwana huɗu kumatunta suka yi jawur suka koma baƙi, yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa har ta kasa ɗaura zani. Yanzu da sassafe take cefane, da lema a jaka, da man kare rana a fuska da bayan hannu, don hijabi ba ya rufe nan.

Sanyin ma da nasa. Kusan ɗaya cikin uku na masu lufus yatsunsu kan yi fari ko shuɗi su yi tsami idan sanyi ya taɓa su. Safar hannu da ruwan ɗumi wajen alwala da wanke-wanke a hunturu ba shagwaɓa ba ce. Sannan mu mutanen ƙasar kuza mu sani: ƙurar dutse da yashi mai silika na cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin lufus, tare da taba sigari. Masu fasa dutse da haƙar ma'adinai su rufe hanci.

Ba ciwon Turawa ba ne?

An daɗe ana zaton haka. A 1968 Brian Greenwood, yana aiki a Ibadan, ya rubuta cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a 'yan Najeriya, har ya kawo tunanin ko maleriya ce ke danne su. Amma a Amurka baƙaƙen mata sun fi farare kamuwa sau biyu zuwa uku, kuma nasu ya fi tsanani. A 2009 Farfesa Olufemi Adelowo da abokin aikinsa suka ba da rahoton masu lufus 66 cikin marasa lafiya 1,250 da suka gani a Legas, 63 daga cikinsu mata. A ganina ciwon na nan tun da, sunansa ne babu. Ana kiran sa taifod, sanyin ƙashi, jifa ko iska, har ƙoda ta tsaya. Ga shi kuma mu 'yan Afirka ta Yamma da yawa muna ɗauke da wani nau'in ƙwayar gado, APOL1, da ta kare kakanninmu daga ciwon barci amma take saurin kai ƙodar da ta taɓu ga lalacewa.

In kwaɗo ne ya kwance, ba maganin da zai mayar da shi? Ko a rage homon ɗin?

Har yanzu babu maganin lufus da aka amince da shi mai gyara metil ko histon kai tsaye. Magungunan da ke taɓa waɗannan alamomi na ciwon daji ne, kuma kan mai uwa da wabi suke yi. An gwada ba mata DHEA, wani homon na maza mara ƙarfi, amfaninsa bai kai hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ba. Cire ma'ajiyar ƙwai ba magani ba ne. Zogale, alayyahu da wake suna da folet da jiki ke samar da metil da shi, a ci don abinci ne mai kyau, amma duk wanda ya ce miki garinsa ko shayinsa na gyara ƙwayoyin gado, aljihunki yake nema. Haka kayan ƙarin ƙiba da na ƙarin ƙirji da ake tallatawa a WhatsApp, da man bilicin: wasunsu na ɗauke da siteroyid ko homon da ba a rubuta a kwalba ba, suna ɓoye alamun ciwon su rikita gwaji.

Inda binciken ya yi amfani shi ne ya nuna inda za a tare hanya. Belimumab, da aka amince da shi a 2011, ƙwayoyin B yake rage wa abinci. Anifurolumab na 2021 kunnen da ke jin ƙararrawar intaferon yake toshewa. Tsadarsu ta fi ƙarfin yawancinmu. Abin dariyar shi ne tsohon maganin da ke hannunmu, haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sha muna yara muna susa, yana rage zafin TLR7 ɗin nan da duniya ke ta magana a kai. Yana rage tashin ciwon, yana kare ƙoda, yana rage daskarewar jini, yana tsawaita rai. Ba ya aiki nan take, sai ya yi wata biyu zuwa uku, shi ya sa mutane ke yar da shi su manne wa furedinisolon mai saurin sauƙi da kumbura fuska. Ƙa'idarsa kada ya wuce miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. A duba ido lokacin da aka fara shi, bayan shekara 5 kuma a riƙa dubawa kowace shekara. Ƙanwata ranar haihuwar ɗanta na fari ta ɗaura wa wannan awo don kada ta manta, watan Maris, asibitin ido da safe, da yamma a yanka kek.